Yadda ake zaɓar injin wanke-wanke mai ƙarko a Legas, sabo ko tokumbo

Duk wanda ya zo neman shawara kan injin wanke-wanke, tambayarsa ta farko ita ce wane kamfani ya fi. Ta biyu kuma, wai da gaske ne na da sun fi na yanzu ƙarko? Na haɗa irin wannan inji a gidaje da yawa, daga Agege har Ajah, na kuma kwance waɗanda suka mutu. Abin da ya fi kashe su a Legas abu uku ne: wutar da ba ta tsayawa wuri ɗaya, ruwan da ba shi da ƙarfi ko ba shi da tsabta, da rashin kayan gyara. Shi ya sa nake cewa a fara zaɓen daga kicin, a je kasuwa daga ƙarshe.

Abubuwan da za ka tanada

- Tef ɗin awo
- Bokiti mai cin lita 10, da agogon wayarka
- Mitar gwada wuta. In ba ka da ita, ka kira mai wayarin ya zo da tasa
- Tocila
- Farantin da ya fi girma a gidan, da tukunyar da aka fi ɗorawa
- Ƙwayar sabulun inji guda ɗaya, in tokumbo za ka duba
- Takarda da biro, don rubuta awo da lambobi

1. Auna wurin da zai zauna

Cikakken inji faɗinsa santimita 60 ne, zurfinsa kusan 60, tsayinsa 85 in mai tsayuwa da kansa ne. Yana ɗaukar kayan cin abincin mutum 12 zuwa 14. Akwai siriri mai faɗin santimita 45, na mutum 9 ko 10, sai ɗan ƙaramin da ake ɗorawa a kan kanta, na mutum 6. Dole wurin ya kasance kusa da sinki, domin can zai sha ruwa, can zai zubar. Ka auna gabansa ma, saboda ƙofar ƙasa take buɗewa, tana cin wajen santimita 60.

In gidan haya kake, ka ɗauki mai tsayuwa da kansa. Wanda ake shigarwa cikin kabad sai kafinta ya yi masa fuskar katako, ranar tashi kuma ya zame maka kaya. Ka kuma sanar da mai gida kafin a taɓa bututu.

2. Gwada ruwan gidan

A nan mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Yawancin gidajen Legas ruwan burtsatse ake turawa tanki a sama, daga nan ya gangaro da nauyinsa. Injin wanke-wanke ba ya zuƙo ruwa da kansa, ƙofa kawai yake buɗewa ya jira ruwan ya shigo. Yawancin na Turai suna buƙatar ƙarfin ruwa aƙalla rabin bar. Lissafin mai sauƙi ne: tsayin mita 10 na ruwa shi ne bar ɗaya. Ke nan sai ruwan tankinka ya ɗara bakin injin da mita 5 kafin ka kai mafi ƙarancin abin da ake so. Gidan ƙasa mai tanki a kan ƙarfe mai mita 3 bai kai ba. Wanda ke hawan ƙarshe na bene, tanki na kan rufinsa kai tsaye, shi ma bai kai ba, ko da maƙwabcinsa na ƙasa ruwa na zubo masa da ƙarfi.

Buɗe famfon kicin gaba ɗaya, ka tara bokitin. In ya cika cikin minti ɗaya, lafiya lau. In ya kai minti biyu ko uku, injin zai riƙa tsayawa yana nuna alamar famfo, kai kuma ka ɗauka lalacewa ya yi. Mafita biyu ce. Ko a sa ƙaramin famfon ƙara ƙarfin ruwa a layin kicin, irin mai tashi da kansa in an buɗe ruwa, ko ka sayi ɗan ƙaramin injin kan kanta mai tankinsa a jiki, wanda ake zuba masa ruwa wajen lita 5 da hannu. Wannan na biyun ya dace da ango da amarya ko mai ɗaki da falo, amma ba zai ɗauki tukunya babba ba.

Sai ka bar ruwan bokitin ya kwana. In da safe ka ga ja-ja ko yashi a ƙasa, akwai ƙarfe ko laka a ruwan, abin da ba baƙo ba ne a wajajen Lekki da Ajah. Irin wannan ruwa yana toshe 'yar rariyar da ke bakin tiyo, yana kuma rina cikin injin. A sa filta a layin kafin ruwa ya kai ga injin, a riƙa canza ta. In gidan ba a tace ruwansa kuma ba za a tace ba, shawarata ka ajiye maganar inji tukuna.

3. Gwada wutar gidan

Wutar Najeriya bolt 230 ce, 50Hz. Motar injin ba ta cin wuta sosai. Hitar da ke dafa ruwa ita ce mai ci, kuma a yawancin cikakkun injuna za ka ga an rubuta wat 2,000 zuwa 2,400. Wato kusan amfiya 10, don haka soket mai amfiya 13 ya isa, amma ya zama nasa shi kaɗai, a bango. Kada a haɗa shi da doguwar waya mai baki huɗu tare da firji da ketul. Kuma lallai soket ɗin ya kasance da wayar ƙasa mai aiki. Inji ne na ƙarfe, cike da ruwa, ana taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, sau da yawa ba takalmi. Kada ka yarda da mai wayarin da zai ce ba komai.

Ka gwada wutar da rana, ka sake gwadawa da daddare lokacin da unguwa ta kunna komai. In tana sauka ƙasa da 200 ko tana hawa da sauka, kana buƙatar sitabilaiza, kuma mai 5,000VA nake ba da shawara, domin ƙanana ba sa jure hita. Ko wutarka mai kyau ce, ka sa na'urar kariya irin mai yanke wuta in ta yi yawa, mai kuma jinkirta 'yan mintoci bayan an dawo da ita. Dawowar wuta da ƙarfi ita ce ke ƙona fanel, wato ƙwaƙwalwar injin, kuma fanel na cikin kayan da suka fi tsada a jikinsa.

Ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba. Sai mai 3.5kVA zuwa sama, shi ma a kashe abin dumama ruwan wanka da dutsen guga. Masu sola da inbata su riƙa kunna shi da tsakar rana, lokacin da rana ke ciyar da shi kai tsaye, kada ya zuƙe batir da dare.

Batun kuɗin wuta bai kai yadda ake tsoro ba. Sabon inji a tsarin Eco, wato mai tsimin wuta da ruwa, yana cin kusan yunit ɗaya, wasu ƙasa da haka. Ko a farashin naira 225 da hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta sanya wa 'yan Band A a Afrilun 2024, wanki ɗaya bai wuce kuɗin yunit guda ba. Mai zafi sosai na tukwane zai kai wajen ɗaya da rabi.

4. Fahimci bambancin na da da na yanzu

Masu yabon tsofaffin injuna suna da gaskiyarsu. Na da yana da nauyi, agogonsa na murɗawa ne, motarsa mai sauƙin naɗi, hitarsa a fili take a ƙasan cikin injin. Yana kwarara ruwa da yawa mai zafi, cikin awa ɗaya ya gama. Wuta in ta yi wasa ba ya saurin mutuwa, in ya lalace kuma duk mai gyaran injin wanki zai iya lalubo matsalar. Sai dai ka tuna, tsohon da ake nuna maka yana aiki yau shi ne wanda ya tsira, 'yan uwansa da aka ƙera tare da shi sun daɗe a bola. Kuma ƙarfensa ne mai ƙarko. Robar ƙofa, tiyo da zoben da ke hana yoyo duk suna bushewa da shekaru, ko an yi aiki da su ko ba a yi ba.

Na yanzu ruwa lita 9 zuwa 11 yake sha a tsarin Eco, alhali na shekarun 1990 yakan sha ninkin haka ko fiye. Yadda yake yi shi ne ya juya ɗan ruwan nan yana tace shi, yana sake fesawa, tsawon awa uku zuwa huɗu. Sabulun ma ya canza. Tarayyar Turai ta taƙaita sinadarin fosfet a sabulun injin wanke-wanke daga 2017, kuma sabulun yanzu ya fi dogara da sinadaran da ke narkar da maiƙo da sitaci a hankali, masu son lokaci. Don haka daɗewar da sabon inji ke yi ba alamar rauni ba ce, haka aka tsara shi. Yana da ido a ciki mai duba dattin ruwa, ba ya da ƙara, kuma in ya ji yoyo yana rufe ruwa da kansa.

Rauninsa kuwa sananne ne. Komai nasa ta fanel yake bi. A wasu injunan an haɗe hita da famfo a dunƙule ɗaya, in ɗaya ya mutu sai a canza duka. Fanel kuma yana da maƙiyi na biyu bayan wuta, wato kyankyaso, mai son ɗumi da laima, ya shige cikin ƙofa ya haɗa wuta.

Awa uku zuwa huɗun nan abin dubawa ne ga wanda wutarsa ba ta daɗewa. Yawancin sababbi suna ci gaba daga inda suka tsaya in wuta ta dawo, amma ka tambaya, ka kuma tabbatar akwai tsarin awa ɗaya mai zafin digiri 60 ko 65.

Ni dai ra'ayina a bayyane yake: sabo matsakaici, marar tarkacen fasaha, wanda ake samun kayansa a Legas. In kuɗi bai kai ba, tokumbon Turai da bai wuce shekara biyar zuwa bakwai ba. Tsohon da ya haura shekara 15 sai ga wanda ya iya gyara da hannunsa.

5. Karanta lambar jikin injin

Buɗe ƙofar, ka duba gefenta ko samanta da tocila. Akwai 'yar takarda mai ɗauke da lambar samfuri da irin wutar da yake ci. In ka ga 220-240V da 50Hz, namu ne. In ka ga 120V da 60Hz, na Amurka ne ko Kanada, ka bar shi komai kyansa da arharsa. Za a ce maka taransifoma za ta gyara. Taransifoma tana rage bolt, amma ba ta mayar da 50Hz ya zama 60, ga shi sai ka nemo babba mai ɗaukar hita, ga kayan gyaransa ba a nan suke ba.

A injunan Bosch, Siemens da Neff, waɗanda duk kamfani ɗaya ne ke ƙera su, akwai lambar da ke biye da haruffan FD. Ita ce ranar haihuwar injin. Ka ƙara 20 a kan lambobi biyun farko, sai su ba ka shekara, biyun da ke biye kuma wata ne. FD 9503 na nufin Maris 2015, domin 95 da 20 sun ba da 115, sai a ɗauki 15 ɗin. Daga 2020 lambar ta koma 00, don haka FD 0206 Yuni 2022 ke nan. Da wannan, ba mai ce maka bara aka yi shi alhali ya shekara goma.

In sabo ne mai takardar makamashi ta Turai, ka lura cewa an canza tsarin a Maris 2021. An daina A+++, an koma A zuwa G. Injin da aka rubuta wa D ko E a sabon tsari ba mai ɓarnar wuta ba ne, ma'aunin ne aka tsaurara. A takardar za ka ga litar ruwan wanki ɗaya, wutar wanki 100, tsawon lokaci da ƙara. Ƙarar da ke tsakanin desibel 42 da 46 ba ta damun mai barci a ɗaki na kusa.

6. Abin da ya cancanci kuɗinka

Cikin injin ya zama na bakin ƙarfe marar tsatsa. Na roba yana kama launin manja da tumatir, yana riƙe wari, ba ya kuma busar da kaya sosai. Kwandon sama ya zama mai ɗagawa da saukewa. Haƙoran kwandon ƙasa su zama masu kwantawa, don tukunya ta samu wuri. Filtar ƙasa ta zama mai fita da murɗawar hannu. A samu tsari mai zafin digiri 70, saboda miyarmu ba ta wasa da mai. A samu kariyar yoyo, musamman ga na saman bene, don kada ruwa ya sauka a silin ɗin maƙwabci.

Haɗa inji da wayar hannu, allon shafawa, fitilu masu launi da tsarin wanki goma sha wani abu, duk ƙarin kuɗi ne da ƙarin abin lalacewa. Tsarin wanki uku kawai za a riƙa amfani da su a gida.

Nan ne amfanin farantin da tukunyar da ka zo da su. Saka su, ka tura kwandon, ka juya fankar feshi da yatsa. In ta bugi faranti, ba za ta juya ba in an rufe ƙofa. An tsara kwandunan nan ne da farantan Turawa, mu kuwa muna da faranti mai zurfi, da tire, da manyan kwanuka. Ya fi kyau uwargida ko wanda ke wanke-wanken gidan ya zo wannan gwajin, shi ya san abin da ke taruwa a sinki.

7. Nemi mai gyara kafin ka biya

Rubuta lambar samfurin, ka kai wa mai gyara ko masu sayar da kayan gyara a kasuwar Alaba da ke Ojo. Tambaye su abu huɗu: famfon zubar da ruwa, bawul ɗin shigar ruwa, hita, da fanel. Akwai su a ƙasa? Nawa ne? In an ce sai an yi oda daga waje, ka san injin zai iya yin watanni yana zaman kabad. Dokar Turai ta 2021 ta wajabta wa kamfanoni ajiye kayan gyara shekara 7 zuwa 10, amma wannan can ne, ba ta kawo maka su Legas. Sunan da ya yi yawa a gari shi ne mai kayan gyara, ko da na jikin wani mataccen inji ne.

In sabo ne, ka saya wurin dila mai shago tsayayye. A rubuta lambar injin a rasit, a buga hatimi a katin garanti, a faɗa maka inda wurin gyaransu yake da ko suna zuwa gida. Tambayi ko garantin ya shafi ƙonewar wuta, domin galibi bai shafa ba. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, amma sai da takarda a hannu.

8. In tokumbo ne, kada ka yarda da "ga shi ya kawo wuta"

Fitila ta kama ba ta nuna komai. A haɗa masa ruwa a gabanka, a saka ƙwayar sabulun, a sa tsari mai zafi. Ka saurari motar: ƙarar ruwa ake so, ba gurnani ko kukan ƙarfe ba. Bayan kamar minti 20 zuwa 30 ka buɗe ƙofar a hankali. In tururi bai taso ba, hita ta mutu. Sannan a soke wankin, ka ga ya zubar da ruwan tas.

Yana cikin aiki ka haska ƙarƙashinsa. Ka shafa robar ƙofa ko ta tsage ko ta yi tauri. Ka saki ƙofar a rabi, in ta faɗi da ƙarfi, sifirin ya tafi. Ka duba haƙoran kwando, tsatsa in ta fara ba ta tsayawa, kuma kwando sabo yana da tsada. Farin ɓawo mai kauri a ciki alama ce ya sha irin ruwan da sabulu ba ya kumfa da shi ba a sa masa gishirin inji ba, hitarsa ta wahala. A Bosch da 'yan uwansa, E15 na nufin ruwa ya taru a ƙasan injin, E24 ruwa ba ya fita, E09 matsalar hita. E24 sau da yawa toshewa ce kawai, amma E09 kuɗi ne.

In mai kaya ya ƙi gwaji, ka wuce shago na gaba. In ya yarda, ka nemi ya rubuta maka kwanakin da za ka iya dawo da shi. A ɗauko shi a tsaye a mota, domin in an kwantar da shi a gefe ragowar ruwa na gangarawa inda bai kamata ba. A gida kuma a yi wanki biyu mafi zafi ba komai a ciki kafin a saka kwanon abinci.

9. Haɗawa da makon farko

Ruwan sanyi ake ba shi, da bawul nasa na kansa da za a iya rufewa. Tiyon zubarwa a ɗaga shi sama zuwa ƙarƙashin kanta kafin ya sauko ya shiga bututun sinki, in ba haka ba ruwan datti zai riƙa komawa ciki. A daidaita ƙafafun har ƙofa ta rufu ba tare da gogawa ba. A toshe ramukan bango da ke bayansa saboda ɓera da kyankyaso.

Sabulun wanke-wanke na hannu ko omo ba sa shiga wannan inji ko kaɗan. Kumfa zai cika shi ya malalo, ya kunna kariyar yoyo. Nasa daban ne, ƙwaya ko gari, ana samu a manyan kantuna, kuma ya kamata ka san farashinsa tun kafin ka sayi injin, don shi ne kuɗin da ba ya ƙarewa. Akwai ruwan ɗauraya da ke sa kaya su bushe ba tabo. Akwai kuma gishirin inji, wanda ake zubawa a wani rami a ƙasa don tausasa ruwa. Gishirin miya ba ya maye gurbinsa. In ruwanku sabulu na kumfa da shi da sauƙi, ba ya barin farin ɓawo a ketul, a saita injin a mataki mafi ƙasa, gishirin zai daɗe ƙwarai.

A kankare ragowar abinci a shara, ƙashi, ƙayar kifi, tsinken sakace, ɓawon egusi, amma ba sai an wanke kwanon ba. In an ɗauraye shi tas, idon injin zai ga ruwa mai tsabta ya rage aiki. Abin da ke buƙatar jiƙo shi ne tukunyar tuwo ko teba da ƙanzon shinkafa, waɗannan a jiƙa su a kankare tukuna. Manja ko man suya da ya taru a zube shi daban, kada ya daskare a bututu.

Tukunyar dalma da duk kayan alminiyom suna yin baƙi a ciki. Muciya, ludayin duma, ƙwarya da akushi suna tsagewa. Kular abinci ruwa na shiga tsakanin bangonta, ta daina riƙe zafi. Kwanukan samira masu zanen fure na kayan ɗaki, zanen yana dushewa. Duk waɗannan a bar su ga hannu. Tangaran, gilashi, bakin ƙarfe da roba mai kauri su ne nasa, robar kuma a kwandon sama.

Sau ɗaya a mako a murɗe filtar ƙasa a wanke ta da tsohon buroshi. Sau ɗaya a wata a cire fankokin feshi a zaƙule ramukansu da tsinke, a yi wanki ɗaya mai digiri 70 ba kaya. Bayan kowane wanki a bar ƙofar a ɗan buɗe ta sha iska har cikin ya bushe, sannan a rufe. In za a tafi gida Arewa hutun sallah, a rufe bawul ɗin ruwa, a zare filogi daga bango.